Ɓerayen da Goggo Ta Yi wa Addu'a

Ni duk Jalingo abu ɗaya aka san ni da shi: ba a sayena. Shekara tara ina hura usur, daga wasan 'yan firamare har zuwa na unguwanni. An jefe ni da ɓawon rake, an zage ni da Fulatanci, an zage ni da Mumuyanci, akwai ma ranar da 'yan Nukkai suka biyo ni da gudu har cikin gonar wani, don na soke musu ƙwallon da makaho ma ya san satar gida ce. Ban taɓa janye hukunci ba. In ka ce Aƙilu Rafali, har waɗanda suka tsane ni za su ce maka, “Ɗan banzan taurin kai gare shi, amma ba ya cuta.” To wannan sunan ne na ɗauka na kai gidan su Rauda a damunar alif ɗari tara da casa'in da shida, na zubar da shi a cikin kwalbar alawa.

Rauda 'yar gidan da ke kallon namu ce a unguwar Majidaɗi. Tana digiri na biyu a fannin magunguna a wata jami'a mai nisa, ni kuma shekara biyu ke nan ina sonta, irin son da ya sa nake guge riga kafin in je sayen kalanzir, don kawai hanyar ta bi ta ƙofarsu. Na riga na gaya wa Bappa Hammanjoda, ƙanin mahaifina, ya ce da zarar ta gama karatu zai je tambaya. Ita ma ta sani. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, cewa ta yi in bari ta gama da ɓerayenta.

Ɓeraye kuwa na gaske. A shekarar malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka rufe makaranta, ɗakin dabbobi ya rasa mai ba da abinci. Rauda ta kwaso nata guda talatin, farare fat masu jajayen idanu, ta jero su a keji a bayan bas har Jalingo. Ranar da ta sauka unguwa ta rikice. Mata suna leƙe ta kan katanga suna cewa wai 'yar Malam ta yi boko har ta kai ga kiwon ɓera. Goggo Aisatu, ƙanwar babanta da ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, ta rantse ba za su kwana mata a gida ba. Bayan kwana uku na same ta tana tsince musu tsakuwa daga dawa, tana kiran wani ƙato a cikinsu Njidda.

A makon da yaranmu suka ciwo zinare a ƙwallo a Amurka, gari duk ya haukace da murna, Rauda ta tare ni a ƙofar gida.

“Malam Aƙilu, agogonka na wasa yana aiki?”

Na ce, “Ko sakan ɗaya ba ya sata.”

“To shi nake so, da mai shi.”

Ta shigar da ni zaure, ta nuna mini wata ƙatuwar kwalbar alawa da ta aro a kanti, ta wanke ta tas, an zuba ruwa ya wuce rabi.

Ta ce, “Ka san ciwon nan da mutum zai zauna kawai, ba zazzaɓi ba ciwon kai, ya daina ci, ya daina magana, kome aka yi ba ruwansa? Kakata ta garin Lau, uwar Goggo, tana da wata saiwa da take jiƙa wa masu irinsa, musamman matan da suka haihu ko aka yi musu rasuwa. So nake in gani ko saiwar ce ke aiki, ko kuwa hirar kakata ce maganin.”

Na ce, “To shi ɓera baƙin cikin me gare shi?”

“Ban sani ba, ban taɓa tambayarsa ba. Abin da aka sani shi ne, in ka sa shi a ruwan da ba zai iya fita ba, zai yi ta iyo yana neman hanya, can sai ya saki jiki ya kwanta a kan ruwan, hanci a waje. In kuma an riga an ba shi maganin ciwon nan, irin na asibiti, ya fi daɗewa yana ƙoƙari, kwanciyarsa ta ragu. Da haka ake tace magunguna kafin a kai ga mutane.”

Ta tsara mini aikin. Kowane ɓera minti shida a ruwa, ruwan ba sanyi ba zafi, tana auna shi. Minti biyun farko ba a ƙirgawa. A huɗun ƙarshe, duk lokacin da ya kwanta shiru in danna agogo, in ya motsa in tsayar, a ƙarshe in rubuta sakan nawa ya yi a kwance. Goma an yi musu allurar ruwan gishiri kawai, goma maganin asibiti, goma ruwan saiwar kakarta. Kowa da lambarsa a wutsiya, amma wace lamba ce ta sha me, wannan yana cikin takardar da Goggo ta ƙulle a bakin zaninta.

“Ni na san abin da na ba kowa, idona zai yi son kai ko ban so ba,” in ji ta. “Dole mai agogo ya zama bai sani ba. Kuma ɓera sau ɗaya yake shiga, in ya shiga na biyu ya riga ya gane wasan. Babu maimaici. Shi ya sa na nemo mutumin da na tabbata ba ya cuta.”

Na fito daga zauren nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gai da wani jaki a hanya.

Washegari da hantsi muka fara. Ni kaɗai a zaure, da kwalba a kan tebur da agogo biyu, na hannu don minti shida, na dannawa don ƙirga. Rauda tana can ciki tana allura. Goggo ce ke miƙo mini ɓera ta bayan labule a cikin kwano, in na gama ta karɓa ta goge shi da tawul, ta ajiye shi kusa da kaskon garwashi ya sha ɗumi.

Na farko ya shiga. Kai, ɗan ƙaramin abu amma sai ka ga zuciya! Ya zagaya kwalbar nan, ya kama bango ya zame, ya sake kamawa. Na tsinci kaina ina cewa, “Yawwa, ɗan gari, haka ake yi!” Rauda ta ɗaga murya daga ciki ta ce rafali ba ya goyon baya, in rufe bakina. Na rufe. Sakan ɗari da biyu. Na biyu ɗari da goma sha biyar. Aiki yana tafiya sumul.

A na uku ne na ji abin da ya kashe ni. Kafin Goggo ta miƙo kwanon, sai na ji ta yi ƙasa da murya ta ce, “Allah hoynu, ɗan talaka,” wato Allah ya sauƙaƙa, ta tofa masa addu'a fuf fuf. Na biyun farko ba ta ce musu ko uffan ba.

Ni ba yaro ba ne. Nan take na haɗa lissafi. Saiwar nan ta uwarta ce, sunan gidansu ne a cikin kwalbar. Wa za ta yi wa addu'a in ba masu ɗauke da maganin gida ba? Na ce a raina, Aƙilu, Allah ya ba ka kai.

Na saka shi a ruwa. Ya yi ɗan facal-facal na minti biyu, daidai inda ba a ƙirgawa, sai ya miƙe ƙafa ya kwanta abinsa kamar mai hutu a gado. Na danna agogo. Yana kwance. Na zuba masa ido, ya zuba mini. Na ce a hankali, “Kai, don girman Allah motsa.” Ko gezau. Sakan ɗari da tamanin da ɗaya!

Ma'ana maganin Rauda ba ya aiki ke nan, ya ma fi kowa lalaci. Shekara biyu ta yi tana tafasa saiwa tana tacewa, ta sha doguwar hanya da keji a bas, ta sha dariyar unguwa, a ƙarshe wannan malalacin zai kunyata ta. Na hango fuskarta. Na hango an ce ta sake sabon aiki, wata shekara biyu, Bappa Hammanjoda yana jira, ni ina ta guge riga. Biro yana hannuna. Na rubuta tamanin da ɗaya, ɗarin na bar shi a cikina.

Da zan ce hannuna ya yi rawa da na yi ƙarya. Daɗi na ji! Ji na yi kamar na tare mata mota a titi. Daga nan kuma abin ya zama sana'a. Duk ɓeran da na ji “Allah hoynu” a kansa, na san namu ne. Na daina ma wahalar da biro, a babban yatsa nake gyarawa: in ya kwanta sai in yi jinkirin dannawa, in ya ɗan karkaɗa wutsiya in ce ai iyo ne. Wani da ya ƙi motsi sam na yi masa tari. Wani na taɓa ƙafar tebur da gwiwa, ruwa ya girgiza, ya farka a firgice. Njidda ma yana cikinsu, ƙaton banza, shi sai da na yi masa atishawa biyu. Sauran kuwa, waɗanda ba a yi wa addu'a ba, na ƙirga musu tsakani da Allah, ko rabin sakan ban ƙara ba ban rage ba, don ni ai mai gaskiya ne.

Kwana uku muna yi, goma-goma. Kullum in na tashi Rauda takan kawo mini kunun gyaɗa da kanta, ta ce sannu da ƙoƙari. Ina sha ina murmushi ina cewa a raina, yarinya, da kin san abin da nake miki da kin ƙara sukari. A rana ta biyu har na bi ta wurin tela na ce ya auna ni don kayan angonci.

Rana ta uku bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Goggo ta kwance bakin zani ta fito da takarda, duk ta yamutse tana ƙanshin daddawa. Rauda ta jera lambobina kusa da nata, tana rarrabawa gida uku, tana haɗawa tana rabawa. Ni na harɗe ƙafa ina jiran guɗa.

Ta daɗe. Ta sake lissafin. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

“Maganin asibiti, ɗari da biyar,” in ji ta. “Saiwa, ɗari da goma sha biyu.”

Na ce, “A'a, duba dai. Saiwa ai ba ta kai haka ba.”

Ba ta ma ji ni ba. “Ruwan gishiri, saba'in da huɗu.”

Ta ajiye biro. “Ruwan gishiri ya fi maganin asibiti. Wannan ba ya yiwuwa. Waɗanda ba a ba komai ba su ne ya kamata su fi kowa kwanciya, ɗari da saba'in, ɗari da tamanin. Da su ake auna sauran. In nasu ya lalace, duk aikin ya lalace.”

Na juya wurin Goggo, muryata ta koma ta ɗan akuya. Na ce, “Goggo, wai ni kam, waɗanda kike tofa wa addu'a, su wane ne?”

Ta ce, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, “Marayun mana. Ɓera an ba ta magani, tana da abin da ya riƙe shi. Wannan kuwa ruwan gishiri kawai, a jefa ta a ruwa haka nan? Ba tausayi? Ni ina riƙe su ana allura, na san wanda aka cuta. Shi ne na ce bari in ba ta ko addu'a.”

“Na saiwar fa?”

“Maganin Inna yana jikinta, addu'ar me kuma yake nema?”

Jama'a, dariya ce ta kama ni. Ba ta daɗi ba, irin wadda ke zuwa wa mutum a gidan makoki ya rasa yadda zai yi da ita. Na toshe baki ta fito ta hanci. Kwana uku ina tari ina atishawa ina dukan tebur, ashe ruwan gishiri nake wa kamfe! Goggo ta dube ni ta ce ko aljanu ne, a kawo hayaƙi.

Abin da ya tsayar da ni Rauda ce. Ba ta ga dariyar ba sam, kanta yana kan takarda, hawaye yana ɗiga a kan lambobin da na rubuta da hannuna.

Ta ce, “Laifina ne. Wataƙila ruwan ya yi sanyi ban lura ba. Ko wahalar hanya ce ta rikita su. Ko na haɗa allurar ba daidai ba. An ce mini kada in yi a gida, na ƙi ji.” Ta share fuska da gefen mayafi ta dube ni. “Kai dai ka yi naka, Malam Aƙilu. Na gode. Aƙalla na san lambobin gaskiya ne.”

Ƙofar tsira a buɗe take. In na yi shiru, ba mai sani har abada. Goggo ba ta gane komai ba, ɓeraye ba sa magana. Za ta zargi ruwa, ta zargi hanya, ta zargi kanta, ni kuma in zauna kusa ina ba ta haƙuri, in ci riba biyu. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba, na yi shi har ƙarshensa. Amma na ji tsoron abu ɗaya: za ta yarda cewa ba ta iya aikinta ba, alhali ta iya.

Na ce, “Rauda, ruwanki lafiya lau yake.”

Na faɗa mata duka. Addu'ar, ɗarin da na haɗiye, yatsa, tari, gwiwa, atishawar Njidda. Ina magana Goggo tana salati. Rauda ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na gama ta ce, “Sakan nawa ka cire wa kowanne?”

“Na farkon ɗari. Sauran ban sani ba, a yatsa na yi.”

“Na saiwa da na asibiti fa?”

“Waɗannan ban taɓa ba, na rantse da Allah.”

Ta sake duban takardar, ta daɗe tana duba. “Ke nan saiwar kakata ta kusa kamo maganin asibiti. Da ka bar abin yadda yake, da yau na gama.”

Na ce, “Don ke na yi. Wallahi don ina sonki na yi.”

“Na sani,” in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. “Ba cutar ce ta fi ci mini rai ba. Ɓera ɗaya ka gani ya kwanta, ɗaya tak, ka yanke cewa aikina ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai ka tallafe shi. 'Yan Nukkai ma ka ba su minti casa'in kafin ka yanke musu hukunci.”

Goggo ta tashi ta ɗauke kofin kunun da ke gabana, ban ko sha rabi ba.

Aikin sai da aka sake shi daga tushe. Aka haɗa ɓerayen aure, aka jira suka haihu, aka jira 'ya'yan suka girma, wata uku cur, yajin aiki ya ƙare ta koma makaranta ta roƙi ƙarin lokaci ta dawo. Ragowar ruwan saiwar da kyar ya isa. Agogona ta karɓa ta ba Malam Dokas, wani tsohon malamin lissafi mai nauyin ji, wanda ko Goggo ta yi wa ɓera Yasin ba zai sani ba. Ni aka ba ni tawul. Aƙilu Rafali, a tsugune gaban kasko, ina goge gindin ɓera. Na goge talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ban ɗaga kai ba. Sakamako ya fito, saiwar ta yi abin kirki, ba ta kai maganin asibiti ba amma ta bar ruwan gishiri a baya nesa. Goggo ta yi guɗar da aka ji har bakin titi.

Bappa Hammanjoda sai da ya ƙara shekara guda kafin Rauda ta ce ya zo. Ya zo, aka ba mu. Yanzu 'ya'yanmu huɗu, kuma ba na jin akwai wanda ya fi ni dacen mata a garin nan. Muna dariyar abin, ita ma takan ba baƙi labarin, ta kwaikwayi atishawar har su riƙe ciki. Amma in yaro ba shi da lafiya tana ba shi magani, ta tambaye ni ƙarfe nawa, na duba hannuna na ce mata awa shida ta cika, sai ta ce to, na gode. Sannan ta ɗan ɗaga kai ta dubi agogon bango. Ba ta ma san tana yi ba. Ni kuwa kowane lokaci sai na gani.